An ga ƙari a jijiyar idon 'yata, maigida yana son mu sayar da fili mu tafi Masar

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne hankalina a tashe. 'Yata ta biyu shekararta 5. Tun tana jaririya take da wasu tabbai masu launin shayi da madara a ciki da baya da cinya, mu duk mun ɗauka tawadar Allah ce. Wata biyu da suka wuce malamarsu ta ce min tana kai littafi dab da fuskarta. Muka je asibitin ido, likita ya ƙirga tabban, ya haska idon, ya ce wata cuta ce da ake kira NF1, ya tura mu hoton MRI. Hoton ya nuna ƙari a jijiyar gani ta hagu, har ya taɓa wurin da jijiyoyin ido biyu suke haɗuwa. Abin da ya ɗaure min kai, likita ya ba ta gilashi kawai, ya ce da gilashin ganinta ya yi daidai, ba za a fara wani magani ba yanzu, mu dawo bayan wata uku.

Ƙanin maigidana da ke karatu a Masar ya ce akwai wani sabon hoton ƙwaƙwalwa mai suna DTI da ke nuna ko yaro zai makance, wai mu taho da ita. Maigida ya dage sai an sayar da filin da muka yi shekara 7 muna biya, har da kuɗin adashena a ciki. Surukata kuma, Hajiya, ta ce daga danginmu abin ya fito, ko kuma na yi sakaci ina fita da magariba lokacin da nake da cikinta, tana son a kai ta wurin wani mai magani da ke ɗiga abu a ido. Alhali shi maigida yana da wasu ƙananan kullutu masu laushi a baya da hannu, amma na kasa buɗe baki in faɗa. Ga shi ina da ciki wata shida. Idan na hana a sayar da filin yarinyar nan ta makance, ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Idan kuma na yarda, ban san me za mu tarar a can ba. Ki ba ni shawara don Allah.

Maman yara biyu, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yarinya lafiya, ya tsare mata ganinta, ke kuma ya sauke ki lafiya. Kaya uku kike ɗauke da su lokaci guda: ciwon 'yarki, cikin da ke jikinki, da wata magana da kika haɗiye don gudun fitina a gidan miji. Ko ɗaya daga ciki ya isa ya hana mace barci, don haka kada ki ga laifin kanki da hankalinki ya tashi.

Zan fara da abin da na ga ya fi tsaya miki a rai, wato likita ya ga ƙari da idonsa sannan ya ce ku koma gida. Ga wanda bai san wannan ciwo ba, hakan yana kama da sakaci, ko kuma an sallame ku ne don ba a da abin yi. Ba haka ba ne. Ko a Alƙahira, ko a Landan, ko a Amurka, yaron da aka ga irin wannan ƙari kuma ganinsa bai ragu ba, abin da za a ce wa iyayensa ke nan. Cutar NF1 ba baƙuwa ba ce a duniya, kusan mutum 1 cikin 3,000 ake haifa da ita, kuma tun 1882 wani likita Bajamushe, von Recklinghausen, ya bayyana ta. Cikin yara 100 masu ita, 15 zuwa 20 suna samun ƙari a hanyar gani, yawanci kafin su kai shekara 7. Sai dai ƙarin irin mai tafiyar hawainiya ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki kamar sankarar da muka saba ji. Da yawa yana tsayawa da kansa, wani ma a dawo a tarar ya ɗan motse. Wajen kashi ɗaya cikin uku na yaran ne kawai ake kaiwa ga yi musu magani. Maganin kuma mai nauyi ne, ba a ɗora wa yaro shi sai an ga ganinsa ya fara taɓuwa. Saboda haka wata ukun nan da aka ba ku zaman sa ido ne, kuma aiki ne da ke da rana da sa'a.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, akwai abu biyu a wasiƙarki da suka sa nake son ki riƙe ranakun asibiti da hannu biyu. Kowane ido yana da jijiya mai ɗauke da siraran zaruruwa fiye da miliyan ɗaya. Jijiyoyin biyu suna shiga cikin kai su haɗu a wata mararraba, wasu zaruruwan su tsallaka ɗaya ɓangaren, daga nan su zarce su baje kamar mafici har ƙeya, inda ƙwaƙwalwa take fassara abin da ido ya gani. Ƙarin yana tsiro ne a cikin zaruruwan, a cuɗe da su, shi ya sa ba a cika sa masa wuƙa ba, don cire shi yana nufin yanke ganin. Idan yana jijiya ɗaya, ido ɗaya yake wa barazana. Idan ya kai mararraba, kamar yadda aka faɗa miki, ido biyun ne ake kula da su, kuma wurin yana maƙwabtaka da sashen da ke sarrafa girma da balaga. Abu na biyu, likitoci sun lura 'yan mata sun fi samari fuskantar raguwar gani a wannan ciwo. Ban faɗi wannan don in tsorata ki ba, na faɗa ne don ranar da aka ce ku dawo, ko ana ruwa ko ana biki a dangi, ku je.

To mu zo kan hoton da ƙanin mijinki ya ambata, don a kansa ne ake shirin sayar da fili. Bai yi ƙarya ba, akwai shi. Ba wata na'ura ce ta daban ba, ita dai MRI ɗin da aka sa 'yarki a ciki ce, ana ƙara mata wani tsarin ɗauka na 'yan mintoci. Hoton MRI na yau da kullum yana nuna siffa: ga ƙari, ga faɗinsa, ga inda ya tsaya. Shi kuwa wannan yana bin motsin ruwan da ke cikin naman ƙwaƙwalwa ne. Ki ɗiga shuni a ƙwarya cike da ruwa, za ki ga ya bazu ta kowace fuska babu zaɓi. Ki ɗiga shi a kan lagwanin fitila, sai ki ga ya bi tsawon zaren. Haka ƙwayoyin ruwa suke yi a cikin kai. A jijiya mai lafiya, zaruruwa suna jere a matse, kowane da rufinsa kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ruwa ba ya samun hanya sai ta tsawo. Idan ƙari ya kutsa tsakaninsu, ko rufin ya lalace, ko zaruruwan suka fara mutuwa, sai ruwan ya fara bazuwa gefe da gefe. Na'urar tana auna wannan ta fitar da lamba tsakanin 0 da 1. Kusa da 1 yana nufin hanya a miƙe take, kusa da 0 yana nufin ruwa yana watsuwa yadda ya ga dama. Da kwamfuta har ana iya zana hanyoyin da launi, mutum ya ga zaren gani tun daga bayan ido har ƙeya. Wani masani Bafaranshe, Denis Le Bihan, yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoton motsin ruwa a ƙwaƙwalwa a tsakiyar shekarun 1980, sannan a 1994 Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wannan salo na DTI.

Dalilin da ya sa likitocin yara suka sa rai a kansa dalili ne mai kyau. Girman ƙarin a hoto ba ya faɗin gaskiyar halin da gani yake ciki. Sai ka ga yaro da ƙaton ƙari yana gani tar, wani da ɗan ƙarami idonsa yana dusashewa. Ga kuma yaro ɗan shekara biyu ko uku ba ya iya zama ya karanta allon gwaji. Don haka ake neman ma'aunin da zai nuna lafiyar zaruruwan kai tsaye. A 2013 likitocin asibitin yara na Filadelfiya a Amurka, Peter de Blank da Michael Fisher da abokan aikinsu, suka wallafa bincike a kan yara masu NF1 da irin ƙarin 'yarki. Sun ga cewa yaran da lambar nan ta yi ƙasa a zaruruwan da suka baje zuwa ƙeya sun fi zama masu raunin gani. Wannan ci gaba ne, kuma ana ta bincike a kai.

Amma ki lura da abin da binciken ya ce da abin da bai ce ba. Ya kwatanta rukunin yara da wani rukuni ne. Bai ba da wata lamba da za a duba a ce wannan yarinya za ta makance, waccan ba za ta makance ba. Lambar tana sauyawa da shekarun yaro, domin ƙwaƙwalwarsa tana kan girma, tana sauyawa daga na'ura zuwa na'ura, tana lalacewa idan yaro ya motsa kai. Ita jijiyar da ke bayan ido ma, inda ƙarin 'yarki ya fi yawa, siririya ce, tana kewaye da ƙashi da kitse da kogunan iska na hanci, waɗanda suke gurɓata irin wannan hoto. Shi ya sa har yanzu ba a gina hukuncin fara magani a kansa ba. Ki ɗauka kun sayar da filin, kun isa Alƙahira, an yi hoton, lambar ta fito ƙasa kaɗan. Likitan can zai gwada idonta, idan ya ga tana gani daidai, zai ce ku dawo bayan wata uku. Idan lambar ta fito da kyau, nan ma zai ce ku dawo bayan wata uku. Hoton da amsarsa ba za ta canza abin da za a yi ba, bai cancanci a sayar da fili dominsa ba. Ra'ayina ke nan, kuma ban yi shakkarsa ba.

Abin da ke yanke hukunci shi ne gwajin gani, ido ɗaya bayan ɗaya, a rufe dama a gwada hagu, a rufe hagu a gwada dama, da allo iri ɗaya kowane zuwa, a rubuta. A shekararta 5 za ta iya gwajin hotuna ko na haruffan da ake nunawa da yatsa. Likita zai kuma duba launin kan jijiyar a cikin ido, ya gwada yadda take bambance launuka. Akwai wata na'ura mai suna OCT da ke auna kaurin zaruruwan jijiya a bangon ido cikin 'yan mintoci, babu allura babu barci, kuma tana da amfani sosai a wannan ciwo. Ki tambaya ko suna da ita, idan babu a faɗa miki inda za ku samu. Ke da kike Kano ba ki rasa wuraren zuwa ba: ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na ECWA, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Abin nema shi ne likitan ido da ya saba da yara, da likitan yara guda ɗaya da zai riƙe fayil ɗinta gaba ɗaya, kada ku riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan kowa yana farawa daga farko.

Game da maigidanki, ina roƙonki ki yi masa kyakkyawar fahimta. Uba ne aka ce masa akwai ƙari a cikin kan 'yarsa sannan aka ce ya zauna ya jira. Jira yana yi wa namiji irin wannan ciwo fiye da kashe kuɗi, domin sayar da fili da hawa jirgi suna ba shi jin cewa ya yi wani abu. Idan kika tare shi da maganar adashenki, zai ji kamar kin fifita ƙasa a kan ɗiya, kuma daga nan magana ta lalace. Ki zo masa ta ƙofar yarinyar. Ki nuna masa cewa wannan ciwo na dogon zango ne. Za a yi ta gwajin ido duk bayan wata uku a shekarar farko, a riƙa maimaita MRI lokaci zuwa lokaci, tazarar tana ƙaruwa idan abu ya tsaya cik, a haka har ta girma. Idan kuma, Allah ya kiyaye, ganin ya fara raguwa, maganin da ake farawa da shi allurai ne biyu na ƙarin ruwa, kaboplatin da binkristin, ana yin su sama da shekara guda, da gwajin jini kafin kowane zuwa. Tsofaffin magunguna ne da manyan asibitocin koyarwa na nan gida suka san su. A ranar ne za a buƙaci kuɗin fili. Idan an cinye shi a tikiti da masauki da hoto ɗaya, da me za a riƙe yarinya shekara guda tana karɓar magani? Ki ce masa filin nan na 'yarmu ne, mu ajiye mata shi zuwa ranar da za ta buƙace shi.

Sannan ki ba shi abin yi, don kada ya ji an ɗaure masa hannu. Ku karɓi hoton MRI ɗin a faifai ko a filasha, ba takardar sakamako kaɗai ba, ku haɗa da rahoton likitan ido, ku aika wa ƙaninsa. Shi ya kai wa likitan ƙwaƙwalwar yara ko na ido a can ya duba ya rubuta ra'ayinsa. Kuɗin ganin likita ɗaya ne, yarinya tana gida tana zuwa makaranta. Da haka ƙanin ya yi taimakon da yake so ya yi, maigida ya ji ta bakin likitan waje, ke kuma hankalinki ya ƙara kwanciya. Idan rahoton ya ambaci wasu ɗigo-ɗigo masu haske a wasu sassan ƙwaƙwalwa, kada kowa ya firgita kafin a tambaya, ana yawan ganinsu a yara masu NF1, ba ƙari ba ne, kuma sukan ɓace da girma. A hoto na gaba kuma ku tambayi likitan hoto ko na'urarsu tana iya ƙara DTI a zama ɗaya. Idan tana iya kuma babu wani ƙarin kuɗi mai yawa, babu laifi, ba shi da illa. Idan ba ta iya, ba ku rasa abin da zai canza kulawar 'yarku ba. Mafi muhimmanci, zuwa na gaba ku shiga wurin likita tare, ya yi tambayarsa da bakinsa. Tafiya waje tana da ranarta: idan gani yana raguwa duk da magani, ko likitocinku da kansu suka ce ana buƙatar abin da babu a nan. A ranar ni ce zan fara ce muku ku sayar.

Yanzu maganar da kika haɗiye. NF1 tana zuwa ne daga canji a ƙwayar gado guda ɗaya. Rabin masu ita sun gada daga uwa ko uba, ɗaya rabin kuma a kansu abin ya fara, babu kowa a dangi. Fitar magariba ba ta kawo ta, abincin da kika ci da ciki bai kawo ta ba, ba a ɗaukarta a wurin wani, kuma ba ta cikin cututtukan da auren zumunci yake haddasawa. Kullutun da kika gani a jikin maigida suna iya zama ita, suna iya zama wani abu dabam, likita ne zai duba fata da ido ya faɗa. Amma dole a duba, saboda dalilai na lafiyarsa shi kansa, don masu wannan cuta ana son a riƙa auna musu hawan jini a kuma kula da kullutun da ya fara zafi ko girma da sauri, da kuma saboda sauran yaran. Idan uba ko uwa na da ita, kowane ciki yana da rabi da rabi, ko ya ɗauko ko ya tsallake. Idan babu mai ita a cikinku, da wuya ta sake fitowa. Ko jaririn da ke cikinki ya ɗauko, ba lallai nasa ya yi kama da na yayarsa ba, a gida ɗaya wani tabbai kawai zai yi ya rayu har tsufa. Abin yi bayan haihuwa shi ne a riƙa duba fatarsa a watannin farko. Tabbai 6 ko fiye, kowane ya wuce milimita 5, su ne ke sa a kai yaro gwajin ido duk shekara. Ita ma babbar a duba ta.

Yadda za ki faɗa ne abin lura. Kada ki taɓa fito da wannan magana a gaban Hajiya, balle a cikin faɗa, a matsayin ramuwar abin da ta ce da danginku. Za ki yi nasarar minti ɗaya ki sayi ɓacin ran shekaru, kuma za ki ɗora wa mijinki irin nauyin da ake ɗora miki yanzu, alhali shi ma bai zaɓa ba. Ki sanar da likita a keɓe kafin ku shiga, ki roƙe shi ya ce ƙa'ida ce a duba iyaye biyu. Ƙa'idar ce kuwa da gaske. Ke ki fara miƙa hannunki a duba. Ina ma zaton maigida ya riga ya haɗa lissafin nan a ransa tun ranar da likita ya ƙirga tabban, kuma wataƙila yana cikin abin da ke ingiza shi ya sayar da duk abin da ya mallaka. Idan ta tabbata, zai buƙaci ya ji daga bakinki cewa ba ki ga laifinsa ba.

Hajiya kuwa kaka ce da tsoro ya kama, ta nemi inda za ta ajiye shi, ta ajiye a kanki. Ba daidai ba ne, kuma na san yana da ciwo. Ba ke za ki gyara mata ba, ɗanta ne, ko wani babba da take jin nauyinsa. Ki bar mata ƙofar da babu cutarwa a buɗe: addu'a, tofi, sadaka, duk alheri ne, ki ma roƙe ta da kanki ki ce Hajiya a sa mana ita a addu'a. Inda za ki tsaya ƙyam shi ne ido. Kada a ɗiga komai, ko ruwan ganye, ko garin wani abu, ko kwallin da ba a san haɗinsa ba, don wasu na ɗauke da dalma. Ciwon yana can bayan ido inda ɗigo ba ya kaiwa, abin da ɗigon zai iya yi kawai shi ne ya ƙona gaban idon da yake lafiya. Haka nan idan wani kullutu ya fito mata nan gaba, kada a kai wa wanzami, wasunsu suna zubar da jini sosai idan aka tsaga. Wannan maigida ne zai faɗa wa mahaifiyarsa, a matsayin umarnin likita, ba a matsayin ra'ayin matarsa ba.

A gida ke ce idon likita. Yara ba sa ƙorafin raguwar gani, musamman idan ido ɗaya ne, don ɗayan yana rufa masa asiri. Ki mayar da abin wasa: sau ɗaya a mako, tana sanye da gilashinta, ki rufe mata ido ɗaya da tafin hannu, ki tsaya bakin ƙofa ki ɗaga cokali ko murfin kwalba ki ce mene ne wannan, sannan ki sauya ido. Idan ta fara ture hannunki duk lokacin da kika rufe wani ido na musamman, ko tana karo da bakin ƙofa, ko tana karkata kai in za ta kalli abu, ko ido ɗaya ya fara turowa waje ko ya karkace ko yana rawa, kada ki jira wata uku. Haka idan tana tashi da ciwon kai da amai da safe. Lokacin wanka kuma ki lura ko ƙirji ya fara tasowa, ko gashi ya fito, ko tsawo ya zo mata farat ɗaya ta wuce sa'anninta. Balaga kafin shekara 8 alama ce da ake kai wa likita, kuma akwai maganin da ke dakatar da ita. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, da lambar ganin kowane ido da likita ya faɗa, da tsawonta da nauyinta. Ranar MRI ki bi umarnin hana abinci daidai idan za a sa ta barci, ki cire mata 'yan kunne da duk wani abu mai ƙarfe, har layar da aka ɗinke da ba ki san cikinta ba. Na'urar maganaɗisu ce, ba ta da irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, maimaita ta ba ya ƙona yaro. Tunda kina da ciki, ki sanar da ma'aikatan, kuma ki zo da wanda zai iya shiga da ita idan an ce ke ki tsaya a waje.

Idan ranar magani ta zo, ga abin da ya kamata ki shiga da shi a ranki. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara yara masu NF1 daga asibitoci da dama bayan an yi musu allurai, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ganinsu ya ƙaru, kashi 40 cikin 100 ya tsaya inda yake, sauran ya ci gaba da raguwa. Ma'ana maganin ya fi ƙwarewa wajen tsare abin da ya rage fiye da dawo da abin da ya tafi, kuma dalilin da ya sa ake son a kama raguwar da wuri ke nan. Idan wani ya kawo shawarar gasa ƙarin da haske mai ƙarfi, ki nemi a sake zama a kai, don a yara masu NF1 ana guje masa matuƙa, yana iya haifar da wani ƙarin daga baya ko ya ƙuntata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Za ku kuma ji labarin wani maganin sha, selumetinib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 don wani nau'in kullutun NF1, ana kuma gwada shi a kan ƙarin hanyar gani. Yana da tsada ƙwarai kuma yana da nasa illolin, ba abin da za a saya a aiko a jaka ba ne.

Kin ce idan ta makance ba za ki yafe wa kanki ba. Ƙanwata, ƙin sayar da fili don hoton nan ba zai rage mata gani ko na ƙwayar zarra ba. Abin da zai iya cutar da ita shi ne a tsallake ranar gwaji, ko a sa mata abu a ido, kuma duka biyun suna hannunki. Ranar komawarku ta kusa, haihuwarki kuma tana tafe, gwajin da zai biyo bayan wannan komawar zai iya faɗowa kina cikin jego. Tun yanzu ki zaɓi wadda za ta riƙe littafin nan ta raka maigida, ƙanwarki ko wata aminiya mai natsuwa, ki nuna mata komai. Ki gaya wa malamarta ta zaunar da ita a gaba, ki kuma yi mata godiya, don ita ta fara lura. Ita yarinyar ki faɗa mata daidai hankalinta, cewa likita yana duba idonta ne don ya ƙara ƙarfi, kada a riƙa zancen makanta a gabanta ko a hana ta wasa da 'yan'uwanta. Kada kuma ki bar awon cikinki saboda zirga-zirgar asibitinta. Bayan kun dawo daga ganin likita ki sake rubuto min, ki faɗa min lambar da aka samu a idon hagu da ta dama, da abin da likitan Masar ya ce da ya ga faifan.